Tarihin Windows: Tambayoyi da Amsoshi kan Asalinta da Sauye-sauyenta

Mafi yawan kwamfutocin tebur da na ɗorawa a cinya da ke duniya da Windows suke aiki, kuma haka abin yake tun shekarun 1990. Ga tambayoyin da aka fi yi game da inda ta fito da yadda ta kai matsayin da take a yau.

Mece ce babbar manhaja, kuma me ya raba ta da sauran manhajoji?

Babbar manhaja ita ce wadda ke fara tashi idan an kunna kwamfuta, kuma ita ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajojin da mutum ke aiki da su. Manhajar rubutu ba ta san yadda ake magana da na'urar buga takarda ba, ba ta san inda za ta ajiye fayil a cikin faifai ba. Babbar manhaja take roƙa, ita kuma ta yi mata. Ita ke raba wa kowace manhaja rabonta na ma'adanar wucin gadi, ita ke tsara wadda za ta yi amfani da masarrafi, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, yanzu da wadda za ta jira, ita ke karɓar abin da aka danna a madannai ta miƙa wa wadda ta dace. Windows ɗaya ce daga cikin irin waɗannan. Akwai macOS ta kamfanin Apple, akwai Linux, akwai kuma wasu da dama da suka yi zamaninsu suka shuɗe.

Kafin Windows, da me mutane ke aiki?

Da DOS, kuma wanda bai san labarin DOS ba ba zai gane dalilin da ya sa Microsoft ya zama abin da ya zama ba.

Bill Gates da Paul Allen sun kafa Microsoft a 1975 a birnin Albuquerque na Amurka, kuma sana'arsu a lokacin ita ce sayar da harsunan rubuta manhaja, musamman BASIC. Ba su da babbar manhaja ta kwamfutar tebur. Wadda ta yi kaka-gida a ƙananan kwamfutoci a wancan zamani ita ce CP/M, wadda Gary Kildall na kamfanin Digital Research ya rubuta. A 1980, lokacin da IBM ke gaggawar ƙera kwamfutarsa ta farko ta mutum ɗaya, ya nemi Digital Research, amma ciniki bai faɗa ba. Sai Microsoft ya ce shi zai kawo. Abin da ya yi shi ne ya je wani ƙaramin kamfani mai suna Seattle Computer Products, inda wani injiniya, Tim Paterson, ya riga ya rubuta wata manhaja mai kama da CP/M da ake kira 86-DOS. Microsoft ya fara karɓar lasisinta, daga baya ya saye ta ɗungurungum, ya gyara, ya miƙa wa IBM. Da kwamfutar IBM ta fito a watan Agusta na 1981, da wannan manhaja ta fito, da sunan PC DOS. IBM ya sayar da ita dala 40, alhali da CP/M ta iso kan wannan kwamfutar, dala 240 aka sa mata. Ba sai an faɗa wa mutum wadda masu saye suka zaɓa ba.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A yarjejeniyar, Microsoft bai sayar wa IBM manhajar ba, lasisi kawai ya ba shi, ya riƙe haƙƙin sayar wa duk wanda ya ga dama da sunan MS-DOS. Da kamfanoni irin su Compaq suka fara ƙera kwamfutoci masu aiki daidai da ta IBM, kowannensu sai ya biyo ta ƙofar Microsoft. IBM ya shimfiɗa hanya, wasu suka cika ta da motoci, Microsoft kuwa yana bakin hanya yana karɓar kuɗin kowace na'ura. A ganina wannan sharaɗi guda ya fi kowace fasaha da kamfanin ya ƙirƙiro daga baya tasiri a tarihinsa.

Shi kuwa aiki da DOS, baƙin allo ne da rubutu zalla. Kana son ganin fayilolinka, ka rubuta DIR. Kana son kwafa, ka rubuta COPY da sunan fayil da inda za shi, ba kuskuren harafi ko ɗaya. Sunan fayil ba ya wuce harafi 8, sai ɗigo da wasu harufa 3. Manhaja ɗaya ke aiki a lokaci guda, kuma ma'adanar da aka ware wa manhajoji ba ta wuce kilobayit 640 ba.

Microsoft ne ya ƙirƙiro linzami da ƙananan hotunan da ake latsawa?

A'a. Apple ma ba shi ba ne. Douglas Engelbart ne ya nuna linzamin kwamfuta a bainar jama'a a 1968 a San Francisco. Bayansa masu bincike a cibiyar Xerox PARC da ke Palo Alto suka haɗa wata kwamfuta mai suna Alto a 1973, mai allon hotuna da linzami da tagogin da ake buɗe aiki a cikinsu. Xerox ya fitar da Star a kasuwa a 1981, amma tsadarta ta hana ta yaɗuwa. Steve Jobs ya ziyarci cibiyar a 1979, ya ga abin da ya gani, Apple ya fitar da Lisa a 1983, sannan Macintosh a watan Janairu na 1984. Microsoft yana cikin kamfanonin da suka rubuta wa Macintosh manhajoji tun kafin ta fito, don haka ya san abin da ake dafawa.

A 1988 Apple ya maka Microsoft a kotu, yana cewa Windows ta kwaikwayi kama da tsarin allon Macintosh. Shari'ar ta ɗauki shekaru, kuma Apple ne ya sha kaye. Dalili biyu suka kayar da shi: tun a 1985 ya sa hannu a wata yarjejeniya da ta ba Microsoft izinin amfani da wasu daga cikin waɗannan siffofi, sannan kotu ta ga cewa tunanin a yi allo mai kama da teburin ofis ba abu ne da wani zai mallake shi kaɗai ba. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 1994.

Windows ta farko ta karɓu?

Ko kaɗan. An yi shelarta a watan Nuwamba na 1983, ba ta fito ba sai 20 ga Nuwamba, 1985, har mutane suka fara yi mata dariyar cewa alkawari ne kawai. Da ta fito ɗin ma, ba cikakkiyar babbar manhaja ba ce. Riga ce da aka ɗora wa DOS: sai DOS ta tashi tukuna, sannan ka rubuta WIN, Windows ta bayyana. Tagoginta ba sa hawa kan juna, jere su ake yi gefe da gefe, ga nauyi a kan kwamfutocin lokacin, ga ƙarancin manhajojin da aka rubuta dominta. Abin da ya rage mana daga gare ta shi ne Paint da Notepad da Calculator, waɗanda suka rayu har yau.

Windows 2.0 ta 1987 ta kawo tagogi masu hawa kan juna, ita ce ma ta jawo ƙarar Apple. Haƙa ba ta cimma ruwa ba sai a Windows 3.0, a watan Mayu na 1990. Lokacin masarrafin Intel 386 ya yaɗu, allo mai launi ya yi araha, kuma sabuwar Windows ta iya amfani da ma'adanar da ta zarce tsohuwar iyakar DOS. An sayar da miliyoyin kwafi. Windows 3.1 ta biyo a 1992 da harufan TrueType, waɗanda ke fitowa a takarda yadda aka gan su a allo. A wannan zamani ne Word da Excel suka fara ture WordPerfect da Lotus 1-2-3, waɗanda suka yi sarauta a kan DOS amma suka makara wajen komawa Windows. Wasan kati na Solitaire ma a 3.0 ya shigo, kuma ya koya wa mutane da yawa jan abu da linzami ba tare da sun san darasi ake ba su ba.

Me ya sa har yanzu ake yawan ambaton Windows 95?

Domin fuskar da muka sani a yau a nan aka zana ta. Maɓallin Start, da sandar da ke ƙasan allo mai nuna manhajojin da ke buɗe, da agogo a kusurwar dama, da kwandon shara na fayilolin da aka goge, duk a ranar 24 ga Agusta, 1995 suka zo tare. Wanda ya iya Windows 95, in aka zaunar da shi gaban Windows ta yau, ba zai ɓata ba.

A ƙarƙashin fuskar ma an yi aiki. Sunan fayil ya tashi daga harafi 8 zuwa 255. Manhajoji masu bit 32, waɗanda ke sarrafa bayanai da yawa a lokaci guda fiye da na da, suka samu wurin zama. Aka kuma kawo tsarin da kwamfuta ke gane sabuwar na'urar da aka jona mata da kanta, wanda kafin nan sai mutum ya buɗe akwatin kwamfuta yana sauya ƙananan fulogi da hannu. Tsarin bai cika aiki yadda aka yi alkawari ba a farko, amma alƙiblar ta yi daidai. An yi mata talla irin wanda ba a taɓa yi wa wata manhaja ba, har mutane suka yi layi da tsakar dare a bakin kantuna a Amurka.

Duk da haka DOS na nan kwance a ƙarƙashinta. Manhaja ɗaya mai kuskure tana iya taɓa ma'adanar da ba tata ba, ta kayar da kwamfutar gaba ɗaya. Windows 98 ta gyara amfani da USB, ta cusa intanet a cikin komai. Windows Me ta shekarar 2000 kuwa ta yi ƙaurin suna wajen sandarewa, kuma da ita aka rufe wannan zuriya.

To mece ce NT, da ake cewa ita ce ainihin uwar Windows ta yau?

Wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci a duk wannan shafi, ko da yake ba a cika yin ta ba. Windows 11 ba jikar Windows 95 ba ce. Kama kawai suka yi. Zuriya biyu ne suka tafi kafaɗa da kafaɗa tsawon shekaru, ɗaya ta mutu, ɗaya ta gaji sunan.

A tsakiyar shekarun 1980 Microsoft da IBM sun haɗa hannu suna gina OS/2, wadda aka yi niyyar ta gaji DOS, ta kuma fito a 1987. A 1988 Microsoft ya ɗauko Dave Cutler daga kamfanin DEC, mutumin da ya jagoranci gina VMS, babbar manhajar manyan kwamfutocin da bankuna da jami'o'i ke dogaro da su. Ya zo da wasu daga cikin mutanensa, aka ba su aikin gina sabuwar manhaja tun daga tushe, wadda ba ruwanta da DOS. Da farko a matsayin sabuwar OS/2 aka tsara ta. Da Windows 3.0 ta yi kasuwa, sai Microsoft ya sauya shawara, ya ɗora mata fuskar Windows da hanyoyin da manhajojin Windows ke bi. Nan suka raba gari da IBM.

Windows NT 3.1 ta fito a watan Yuli na 1993, kuma ita ce ta farko duk da lambar da aka ba ta, wadda aka zaɓa don ta yi daidai da Windows 3.1 da ke kasuwa. Bambancinta shi ne kowace manhaja tana da ɗakinta a ma'adana, ba ta iya leƙa na wata. Akwai asusun kowane mai amfani da iyakar abin da aka yarje masa. Akwai sabon tsarin ajiyar fayil, NTFS, wanda ke rubuta abin da zai yi kafin ya yi, ta yadda ɗaukewar wuta ba za ta rikita faifai cikin sauƙi ba. Ba a kuma ɗaure ta da masarrafin Intel kaɗai ba, tana aiki a kan masarrafan MIPS da Alpha na wasu kamfanoni. Wannan shiri na tun farko shi ya sauƙaƙa kai ta kan bit 64 da masarrafan ARM daga baya.

Matsalarta ita ce ci. Tana buƙatar ma'adanar da kwamfutar gida ba ta da ita a lokacin, kuma wasannin DOS da yawa ba sa tashi a kanta. Shi ya sa aka bar ta a ofisoshi da manyan kwamfutocin kamfanoni, ta bi ta NT 4.0 a 1996 da Windows 2000, mutanen gida kuma suka ci gaba da 95 da 98, har ƙarfen kwamfuta ya yi ƙarfin ɗaukarta.

Da gaske an taɓa yunƙurin raba Microsoft gida biyu?

An yi. A watan Mayu na 1998 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka da jihohi 20 suka kai kamfanin kotu. Tushen rigimar shi ne manhajar shiga intanet. Netscape Navigator ce ke kan gaba, sai Microsoft ya haɗa tasa, Internet Explorer, a cikin Windows kyauta, ya kuma matsa wa masu ƙera kwamfuta kada su cire ta. A shekarar 2000 alƙali Thomas Penfield Jackson ya yanke cewa kamfanin ya yi amfani da babakeren da ya yi a kasuwa ta haramtacciyar hanya, ya ba da umarnin a raba shi biyu, ɗaya mai Windows, ɗaya mai sauran manhajoji. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke umarnin rabawar a 2001, ko da yake ta amince an karya doka, aka ƙare da sulhu. Netscape dai kafin nan ta riga ta durƙushe.

Tarayyar Turai ta fi tsanani wajen kuɗi. A 2004 ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 497, ta tilasta masa fitar da Windows marar manhajar Media Player. Daga baya ta sa aka riƙa nuna wa Turawa allon zaɓen manhajar shiga intanet, kuma da allon ya ɓace a wata sabuntawa, ta sake cin sa tarar yuro miliyan 561 a 2013.

Me ya sa Windows XP ta ƙi mutuwa?

XP ta fito ranar 25 ga Oktoba, 2001, kuma a nan zuriyar biyu suka haɗe: jikin NT da sauƙin kai irin na Windows ɗin gida. A karon farko mai kwamfuta a gida ya samu manhajar da za ta yi kwanaki a kunne ba ta faɗi ba.

Shekarunta na farko ba su yi daɗi ba. An gina ta ne da ƙofofi a buɗe, kusan kowa na aiki da cikakken ikon mai gida, ga intanet mai sauri ta fara shiga gidaje. A watan Agusta na 2003 wata manhajar ɓarna mai yaɗa kanta, Blaster, ta riƙa shiga kwamfutoci ba tare da mai ita ya latsa komai ba, Sasser ta biyo a 2004. Tun a farkon 2002 Gates ya aika wa ma'aikata takarda cewa tsaro ya zama a gaba da komai, amma sai a 2004 aka ga sakamakon a zahiri, da babbar sabuntawar Service Pack 2, wadda ta kunna katangar tsaro kai tsaye ta toshe ramuka da yawa. XP ɗin da mutane ke tunawa da daɗi, ta bayan wannan gyara ce.

Daɗewarta kuwa dalilai ne suka taru. Magajiyarta, Vista, ta yi fiye da shekara biyar ba ta fito ba, da ta fito kuma ba ta karɓu ba. A wannan tsakani bankuna suka zuba XP a na'urorin cirar kuɗi, asibitoci suka jona ta da na'urorin gwaji, masana'antu suka rubuta manhajojinsu a kanta. Sauya irin wannan ba batun latsa maɓalli ba ne. Microsoft ya daina tallafa mata ranar 8 ga Afrilu, 2014, amma a watan Mayu na 2017, da manhajar garkuwa da fayiloli ta WannaCry ta bazu a duniya har ta gurgunta asibitoci da dama a Ingila, sai da kamfanin ya koma ya fitar wa XP gyara.

Vista ta kai lalacewar da ake faɗa?

Rabi da rabi. Aikin da aka faro da sunan Longhorn ya cika buri har ya rikice, aka watsar da shi a 2004 aka sake sabon lale. Da Vista ta fito a watan Janairu na 2007, ta zo da sabon tsarin direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke haɗa Windows da katin hoto ko na'urar buga takarda, alhali masu ƙera na'urorin ba su gama rubuta sababbi ba. Ta zo da allon neman izini da ke tare mutum a kai a kai. Aka kuma manna wa kwamfutoci marasa ƙarfi takardar cewa za su iya ɗaukarta, abin da ya kai ga shari'a a Amurka.

Amma kusan duk abin da aka zagi Vista a kansa, shi ne ginshiƙin Windows 7 da aka yaba a watan Oktoba na 2009. Lambar cikin gida ma ta tona asiri: Vista 6.0 ce, Windows 7 kuma 6.1. Abin da ya sauya shi ne direbobi sun nuna, kwamfutoci sun yi ƙarfi, an rage yawan tambayar izini. Vista ta sha dukan, 7 ta karɓi yabon.

Ina Windows 9? Kuma me ya samu 8?

Babu Windows 9. Daga 8.1 aka tsallaka zuwa 10. Akwai jita-jitar da ta yaɗu cewa wasu tsofaffin manhajoji na duba ko sunan Windows ya fara da 9 don su gane 95 ko 98 ce, amma Microsoft bai taɓa cewa wannan ne dalili ba.

Windows 8 ta watan Oktoba na 2012 kuwa tsoro ne ya haife ta. iPad ta fito a 2010, wayoyin shafa sun cika duniya, kamfanin ya ga kamar zamanin linzami ya ƙare. Sai ya cire maɓallin Start, ya cika allo da manyan murabba'ai da aka yi domin yatsa, ya ba wa mai tebur da linzami abin da bai roƙa ba. Bayan shekara guda 8.1 ta dawo da maɓallin, cikakken jerin Start kuma sai a Windows 10.

Me ya sa faifan kwamfuta ke farawa da C, ba A ba?

Saboda A da B na faifan flofi ne, wato ɗan faifan da ake zurawa a kwamfuta a kuma cire. Kwamfutocin farko da flofi ɗaya ko biyu suke zuwa, da faifai mai ƙarfi ya shigo sai ya ɗauki harafi na uku. Flofi ya tafi, harafin ya zauna, domin manhajoji marasa adadi sun riga sun rubuta C a cikin jikinsu.

Irin wannan gado yana da yawa. Gwada buɗe sabuwar folda ka sa mata suna CON ko NUL ko PRN, Windows za ta ƙi, domin a zamanin DOS waɗannan sunayen na'urori ne, PRN na na'urar buga takarda, CON na allo da madannai. Karkatacciyar sandar da ke raba sunayen folda a Windows ta jingina baya, saɓanin ta adireshin intanet, saboda lokacin da DOS 2.0 ta kawo folda a 1983 an riga an ba ɗaya sandar wani aiki a cikin umarni. Latsa Ctrl da Alt da Del tare ma tun daga kwamfutar IBM ta 1981 yake, wani injiniyan kamfanin, David Bradley, ya tsara shi.

Wannan ba sakaci ba ne, manufa ce. Microsoft ya gane tun da wuri cewa ba don son Windows mutum ke sayen Windows ba, don manhajar da yake aiki da ita ne. Idan sabuwar Windows ta ƙi buɗe manhajar lissafin albashi da kamfani ya saya shekara goma da suka wuce, ba wanda zai zargi mai manhajar, Windows za a zarga. Don haka a cikinta akwai dogon jerin tsofaffin manhajoji da irin lallashin da kowacce ke buƙata, har da yi wa wata ƙaryar cewa a kan tsohuwar Windows take. Gida ne da ake ta ƙara masa bene ba a taɓa fitar da mazauna ƙasa ba. Shi ya sa har yau za ka latsa wani saiti a allo na zamani, ka tsinci kanka a wata taga da ba ta sauya ba tun shekarun 1990. Apple akasin haka yake yi: ya sauya masarrafi daga Motorola zuwa PowerPC, zuwa Intel, zuwa nasa na kansa, kuma kowane karo yakan ba da ɗan wa'adi ne sannan ya yanke tsohon.

Shuɗin allon da ke bayyana idan Windows ta tsaya cak fa, me yake nufi?

Yana nufin kuskure ya faru a can cikin zuciyar manhajar, inda ci gaba da aiki zai iya lalata bayanai, sai ta gwammace ta tsaya. Sau da yawa direba ne ko ƙarfe mai matsala. Misali mafi girma ya faru ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wata gurɓatacciyar sabuntawa ga manhajarsa da ke aiki a wannan zurfi. Microsoft ya ƙiyasta kwamfutoci miliyan 8.5 ne suka faɗi. Jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya a ƙasashe da dama.

Linux kyauta ce, me ya hana ta ture Windows?

Ta ture ta a wurare da yawa, ban da tebur. Linus Torvalds ya fara ta a 1991 yana ɗalibi a Helsinki, kuma yau ita ke riƙe da mafi yawan manyan kwamfutocin da intanet ke gudana a kansu, Android ma a kan zuciyarta aka gina ta. A tebur kuwa mutane ba sa zaɓen babbar manhaja, kwamfuta suke saya, su yi aiki da abin da suka tarar a ciki. Masu rubuta manhaja suna bin inda jama'a suke, jama'a suna bin inda manhajoji suke. Microsoft da kansa, wanda ya daɗe yana yaƙar Linux, tun 2016 ya sa hanyar gudanar da ita a cikin Windows.

Me ya sa kwamfuta mai lafiya ke ƙin karɓar Windows 11?

Windows 10 ta fito ranar 29 ga Yuli, 2015, aka ba masu 7 da 8.1 ita kyauta, kuma kusan duk kwamfutar da ta ɗauki 7 ta ɗauke ta. Da ita salon ya sauya: maimakon a jira shekaru a sayi sabon faifai, sai sabuntawa ta riƙa sauka ta intanet, ko mutum yana so ko ba ya so. Da ita kuma ƙorafi ya ƙaru kan yawan bayanan da manhajar ke aikawa kamfanin.

Windows 11 ta 5 ga Oktoba, 2021 ta saɓa tsohuwar al'ada ta wani gefe. Tsofaffin manhajoji suna nan suna aiki, amma tsofaffin kwamfutoci an rufe musu ƙofa. Ana buƙatar TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro da ke ɓoye mabuɗan sirri ta yadda manhajar ɓarna ba za ta kai gare su cikin sauƙi ba. Ana buƙatar masarrafi mai bit 64, a wajen Intel galibi daga zubi na 8 zuwa sama, da ma'adanar wucin gadi gigabayit 4 da wurin ajiya gigabayit 64. Wannan ya bar kwamfutoci da yawa da aka ƙera kafin 2018 a waje, ko da kuwa ba abin da ke damunsu. Hujjar kamfanin ita ce tsaro, kuma akwai gaskiya a ciki, sai dai masu suka ma suna da tasu gaskiyar idan suka ce an mayar da na'urori masu aiki bola.

Kafin mutum ya yanke ƙauna, ya dace ya duba saitin da ke bayyana kafin Windows ta tashi, domin a kwamfutoci da yawa TPM ɗin yana nan, a kashe kawai yake, Intel na kiran nasa PTT, AMD kuma fTPM. Tallafin Windows 10 ya ƙare ranar 14 ga Oktoba, 2025. Kwamfutar ba za ta daina aiki ba, gyaran tsaro ne ya daina zuwa, sai ga wanda ya yi rajistar shirin ƙarin wa'adi, wanda ga masu amfani a gida aka tsara shi na shekara guda, zuwa Oktoban 2026.